Yadda Ake Tsare Hanya Idan Ana Saran Dogon Yaro

Gab da faɗuwar damina, wanda ya bi titunan Birnin Kebbi ko Argungu zai iya tarar da mutum a saman dogon yaro da gatari a hannu, motoci da babura suna ta wucewa ta ƙarƙashinsa. Mai gaggawar yanke hukunci sai ya ce babu tsari. Ya yi kuskure. Akwai tsari, daɗaɗɗe ne, kuma kowa ya san aikinsa a ciki. Rubuta shi ne kawai ba a yi ba, don haka ga shi dalla-dalla.

Shi dai dogon yaro ɗan asalin Indiya ne, an fara dasa shi a Barno a 1928, daga nan ya bazu har ya zama mai gida a bakin kowane titi na Arewa. Yana da saurin girma, yakan kai mita 15 ko fiye. Idan guguwar farkon damina ta taso a watan Mayu ko Yuni, rassansa sukan karye ko su rungumi wayoyin lantarki. Saboda haka sara ya zama dole. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da masu wucewa.

Alamar gargaɗi

Duk direba a Najeriya ya san ma'anar ɗanyen ganye a kan kwalta: akwai matsala a gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa kowace mota ɗaukar jan si-koshin mai kusurwa uku, amma idan tirela ta lalace tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, yaron mota daji yake shiga ya karyo rassa. Ganye ba a saya, ba a sacewa, idan aka taka shi kuma babu asara.

A nan ne aikin sara ya fi duk wani aikin hanya dacewa. Mai gyaran kwalta sai ya ɗauko alamarsa daga ofis, shi kuwa mai sara a wurin yake samar da tasa. Da zarar reshen farko ya faɗo kan titi, an sanar da direbobi ke nan cewa rassa na faɗowa. Wanda tsautsayi ya kawo daidai lokacin reshen farko, shi ma ana lissafa shi a cikin sanarwar.

Mai tsayar da motoci

A Ingila, kafin a taɓa bishiyar bakin hanya sai an jera robobin tsare hanya, an kafa alluna tun daga nesa, an tsayar da mutum a kowane ɓangare da riga mai ƙyalli. Mu a nan mun taƙaita dukkan wannan a jikin yaro ɗaya, galibi ƙanen mai saran, riƙe da reshe ko jan tsumma. Wurin tsayuwarsa gindin bishiyar, domin nan inuwa take. Ba ya fuskantar gabas, ba ya fuskantar yamma, don kada a ce ya fifita wani ɓangare. Sama yake kallo, inda ake aikin.

Idan ya kaɗa hannu sama da ƙasa, yana nufin a tsaya, ko a rage gudu, ko a yi sauri a wuce. Wani lokaci ƙuda yake kora. An bar wa direba ya zaɓi fassarar da ta dace da uzurinsa.

Akwai lissafi a bayan wannan. Doka ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari, wato kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 100 a bayan gari yana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙar nan ta wuce. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata tana ninkawa sau huɗu. Balle a ce babbar mota ce da ta ɗauko shanshera daga fadama za ta kai injin casa. Masana na waje da suka ga wannan lissafi sai suka ce a kai mai tuta can nesa. Namu masanan suka duba lissafin guda, suka ce tunda direban ba zai iya tsayawa ba ko an tsayar da shi, babu dalilin wahalar da yaro cikin rana.

Da'irar haɗari

Ƙa'idar masu kayar da bishiya a duniya ita ce kada kowa ya kusanci wurin da tazarar da ba ta kai tsawon bishiyar sau biyu ba. Bishiya mai mita 15, a bar mata mita 30. Mu ma mun san wannan da'ira sarai. A cikinta 'yan kallo suke taruwa, domin daga wajenta ba a gani da kyau.

Akwai kuma mazauna da'irar na dindindin. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, babu inuwar da ba ta da mai ita: mai faci da kwanon ruwansa da tsohon tiyub a ciki, mai shayi da tulin gwangwanayen madara, masu kabu-kabu a kwance kan baburansu, da majalisar dattawa a kan tabarma. Tashin su yana da ladabinsa. Mai sara yakan rusuna ya ce, "Baba, a yi haƙuri a ɗan gusa, za mu sauke reshen ga."

"Yaro, tun ba a yi jihar ga ba nike zamne nan."

"Awo, Baba."

Tunda an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, wannan hujja ba ta da amsa. Sai mai sara ya hau, ya karkata saran zuwa ɗaya ɓangaren, wato kan titi.

Igiya da waya

Don kada reshe ya faɗa kan shago, akan ɗaura masa igiya, majiya ƙarfi uku su tsallaka titi su ja daga can. Igiyar takan ratsa hannu biyu na hanyar, daidai tsayin wuyan mutumin da ke kan babur. Ɗan kabu-kabu ya saba, yana isowa zai sunkuyar da kai ba tare da ya rage wuta ba. Fasinjan da ke bayansa ba a cika sanar da shi ba, shi ya sa ake yawan tsintar huluna a wurin aikin sara.

Batun waya kuma, manyan layukan da ke bin titi suna ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 11,000 ko 33,000, ɗanyen icce kuwa yana ɗaukar wuta ya miƙa wa wanda ke riƙe da shi. Littafi ya ce a sa masu wuta su kashe layin kafin a hau. Hanyar da ta fi sauri ita ce a leƙa shagon mai cajin waya: idan janareta yake amfani da shi, babu wuta, a hau. Raunin wannan hanya ɗaya ne, wuta ba ta sallama idan za ta dawo. Amma yaran unguwa sukan yi ihu idan an kawo ta, kuma mai sara yana da kunne.

Sanarwar ƙarshe

Idan aka ji icce ya yi ƙara, na sama zai ɗaga murya: "Ku kauce, shina tahowa!" Reshen da ya baro tsayin mita 10 yana isa ƙasa cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan lokaci ya ishi mutum ya ɗaga kai, ya gane da shi ake, ya fara salati.

Bayan faɗuwa sai sashen kwashewa ya fara aiki, kuma babu ma'aikatar da ta kai shi zafin nama. Yara su ja ƙirare, wani ya yanki asuwaki, wata ta aiko a ɗebo mata ganye na surace don zazzaɓi, mai gidan burodi ya yi cinikin gungumen tun yana sama. Cikin ɗan lokaci titi ya yi fes. Sai dai tare da ganyen aka kwashe alamar gargaɗin, don haka dole a saro wani reshen a sake sanar da direbobi. Da haka aikin ke tafiya har bishiyar ta ƙare.

Shawarar masu son canji

Wasu suna ganin a gyara tsarin. Sun ce a tsayar da manya biyu da jan ƙyalle, ɗaya a kowane ɓangare, taku 100 ko fiye daga bishiyar. A kashe wuta. A yi aikin da sassafe, ban da ranar kasuwa. A tsayar da hanya gaba ɗaya na minti biyu duk lokacin da reshe zai sauko, a kuma tashi kowa daga inuwar, har da Baba. Hujjarsu ita ce tsayar da jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, dubban masunta sukan yi sahu da homa da gora suna jiran alama kafin su afka kogin Matan Fada. Wanda ya iya tsayar da dubbai, in ji su, ba zai kasa tsayar da babur shida da Keke Napep ba.

An auna shawarar. Kuɗinta bai wuce yadi ɗaya na jan ƙyalle da ladan mutum biyu ba, kuma an yarda za ta rage zirga-zirga zuwa ɗakin ɗori. Aibinta shi ne, idan aka bi ta, za a gama aiki a watse lafiya ba tare da an sami labarin bayarwa ba. Majalisa kuwa an riga an sare mata inuwa, bai kamata a haɗa mata rashi biyu a rana ɗaya ba.