Wai Me Ya Haɗa Tibiri da Mabiya Buddha?

Na san abin da za ku ce, ku masu karatu ana ɗaga hanci. "Wannan marubuci ya rasa ta cewa. Ga gero na tsada a kasuwar Dogon Dutsi, shi kuma zai kwashe mu zuwa duwatsun Himalaya." Gyara zama, Alhaji, ba kuɗin mota zan karɓa ba.

A watan Agusta na 2024 gwamnatin Indiya ta ba da sanarwar yanka sababbin gundumomi 5 a yankin Ladakh, can ƙuryar arewacin ƙasar. Cikinsu akwai Zanskar, wadda akasarin mutanenta mabiya addinin Buddha ne, kuma daga jikin gundumar Kargil aka cire ta, inda Musulmi 'yan Shi'a suka fi yawa. Tun daga nan ina jiyo tsakin wani malami a Matankari: "Ka ji ko! Zama ƙarƙashin Musulmi ne ba su so." Allah gafarta Malam, sannu da saurin yanke hukunci. Ƙorafin addini akwai shi, ban musa ba. Amma daga Padum, babban garin Zanskar, zuwa Kargil tafiyar fiye da kilomita 200 ce, ta kan mashigar Pensi La mai tudun kusan mita 4,400, wadda ƙanƙara kan toshe watanni a lokacin sanyi. A da, in ta toshe, sai a taka saman kogin da ya daskare, a ƙafa, kwana da kwanaki, kafin a ɓulla wajen garin Leh. Malam, da sai ƙanƙara ta narke za a buga maka hatimi a takardar fili, da kai ma ka nemi naku perefe, ko da limamin garinku ne ke mulki a Kargil. Kuma a Padum ɗin akwai Musulmi da masallacinsu. Ƙanƙarar ba ta ware su ta bar musu hanya.

Ku kuma da kuke dariya, kun manta 2011? A shekarar ne Nijar ta ƙara gundumominta daga 36 zuwa 63, aka cire Tibiri daga jikin Dogon Dutsi, ta tafi da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa. (Gobirawan Maraɗi, ku kwantar da hankali, ba Tibirinku nake nufi ba, wannan ta Samna ce, ta Dallol Mawri.) Can babu ƙanƙara, akwai dai rairayi da kwazazzabai da kuɗin kabu-kabu. Babu wanda ya ce mutanen Geceme sun guji addinin mutanen Dutsi. Nisan ofis suka guda.

"To me aka samu?" in ji wani ɗan Dutsi, wanda har yau ke jin haushin an rage masa faɗin ƙasa. "Tuta da mota da kujera." Yallaɓai, rabin maganarka gaskiya ce: takardar doka ba ta shimfiɗa kwalta, ba ta haƙa rijiya. Amma kai da ofis ke bayan gidanka ba ka san zafin a ce wa tsohuwa "je ki dawo gobe" ba, alhali gobenta kuɗin kaza ce.

Sai na zo kan masu cewa, "Wa iyazu billahi, ƙasa guda ta masu yi wa mutum-mutumi sujada!" Ina ganinku, Arawa, kuna kaɗa carbi da ƙarfi. Madalla. Amma a tuna mini, Lugu a Indiya take? Tana nan cikin ƙasar Dankasari, kusa da Bagaji ta Baura, inda Azna suka riƙe al'adar kakanni da Sarauniyarsu da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara. Ranar da ake son a yi wa baƙo alfahari, kowa jikan Sarauniya Mangu ne, wadda ta tari sojojin mulkin mallaka na Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya yi mata littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, kuka tafa har hannu ya yi ja. Sai an tambayi abin da take bauta wa, kowa ya kama tari, ya ce lokacin salla ya yi. Arewa ta daɗe da sanin yadda masallaci da gidan bori ke shan ruwan rijiya ɗaya, ga kuma cocin Katolika a cikin Dutsi. Ba Himalaya ce za ta koya mata ba.

Kai kuma Ardo, taubashina, na ga kana ƙyaƙyatawa kana cewa, "Dama mun faɗa, Arawa matsafa ne." Sannu, sarkin tsoron Allah. Shekarar da bijimin wani ya ɓace a Dallol, wa aka hanga da sanyin asuba a hanyar Lugu, sanda a kafaɗa, baƙin zakara a hammata? Ni dai ban kama suna ba. Aiko da ƙwaryar kindirmo kafin kasuwa ta ci, in ba haka ba mako mai zuwa har launin rawanin zan faɗa.