Yadda Ake Kurme da Tukunyar Iska a Ƙasar Sanyi

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila, kuma Allah Ya ɗora masa sha'awar ganin abin da ke ƙarƙashin ruwa, to ya fara cire hoton Bahar Maliya daga ransa. Ruwa garai-garai da kifaye masu launi sai ranar da aka tara kuɗin zuwa Masar. A nan za ka fara ne da ƙungiyar unguwa, ɗaya daga cikin rassan British Sub-Aqua Club da aka kafa a Landan a 1953. Malaminka zai iya zama dattijo mai furfura wanda da rana gyaran famfo yake yi, da dare kuma ya koyar da kai a wurin ninƙayar gari bayan yara sun watse, ba a biyansa ko sisi. Riƙe shi hannu bibbiyu.

Idan a bakin kogi ka tashi, kana taƙama ka fi sa'o'inka daɗewa a ƙarƙashin ruwa, ka bar wannan gwanintar a gida. Can gwani shi ne mai riƙe numfashi, nan kuwa riƙe numfashi kisa yake yi. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na doron ƙasa sau biyu. Iskar da ka shaƙa a can, in ka taso da ita a ƙirji, za ta kumbura ta ninka, huhu kuwa ba salka ba ne. Shaƙa, fitar, shaƙa, fitar, ko da me ya faru. Sai ka koyi maganar hannu. Ɗaga babban yatsa ma'anarsa "mu hau sama". Sabon shiga da ya ga abin burgewa ya ɗaga yatsa don murna, ya tashi taro ke nan. "Lafiya lau" ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Ranar farko a buɗaɗɗen ruwa ba teku za a kai ka ba. Tsohon ramin haƙar dutse ne da ruwa ya cika, kamar Stoney Cove da ke kusa da Leicester, garin nan da Ahmed Musa ya taɓa yi wa ƙwallo. Za a ce a haɗu da asubar Asabar, ka tarar da motoci sun yi layi a bakin ƙofa, numfashin kowa na hayaƙi. A hunturu sanyin ruwan kan sauka digiri 5 ko 6, don haka rigarka ita ce irin wadda ruwa ba ya shiga, mai matse wuya da wuyan hannu. A nan, malam, ka saurare ni da kyau: ka kewaya, ka yi alwalarka, ka yi sallarka, kafin a ja zif. Shayin da ka kurɓa a mota ba ya tashi tunawa da kai sai an gama ɗaura maka kaya. Da yawa daga cikin rigunan kuma zif ɗinsu a baya yake, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ba mai iya ja wa kansa. Saboda haka kada ka yi musu da kowa a hanya, ko a kan ƙwallo ne.

Gemu ba ya hana kurme, gashin baki ne matsala, domin ta nan ruwa ke silalowa cikin tabarau. Ko ka rage shi daga ƙarƙashin hanci ko ka shafe shi da mai. Shi kuma tabarau, tofa masa yawu ka murza ka ɗauraye, in ba haka ba hazo zai rufe shi. Kada ka ji kunya, likitan da ke gefenka ma abin da yake yi ke nan. Sai ɗamarar dalma, sai tukunya a baya, sai ka miƙe ka taka zuwa bakin ruwa a sunkuye kana nishi. Duk wannan nauyin zai ɓace da zarar ruwa ya ɗauke ka.

Abin da za ka fara ji shi ne leɓɓanka sun daina zama naka. Abin da za ka fara gani kuma kore ne, kore ko'ina. Toshe hanci ka hura a hankali tun kunne bai fara ciwo ba, ka ci gaba da yi a kowace 'yar sauka. Can sai siffofi su fara bayyana: motar bas, jirgi mai saukar ungulu, kan wani jirgin sama, duk an jefa su ne da gangan don masu koyo su sami abin kallo. Babbansu Stanegarth, jirgin jan jirage da aka ƙera a 1910 aka nutsar a nan a 2000. Ƙafafunka su yi nesa da ƙasa. Wanda ya shuri laka sau ɗaya ya makantar da mutum goma da ke bayansa, kuma za a gane shi, domin shi kaɗai ne zai fito yana cewa ruwa ya yi kyau yau.

Ba a shiga ruwa sai bibbiyu, kuma amana ce. Idan abokinka ya tambayi iskarka, nuna masa gaskiyar abin da agogon tukunya ya ce. Tukunya cikakkiya tana nuna 232, ka'ida kuma ka fito da 50 a ajiye. Sabon shiga yakan zuƙe tasa tun na tsohon hannu ba ta kai rabi ba, sai kunya ta sa shi ɓoyewa. Wannan kunyar ba ta da wuri a nan, kuma ban taɓa ganin malamin kirki da ya yi fushi don an fito da wuri ba. Ka tuna a mita 30 iska tana ƙarewa da sauri ninki huɗu, a daidai nan ne kuma naitirojin ke fara sa mutum maye bai sha komai ba: sai ya zura wa agogo ido ya kasa gane lamba, yana murmushi. Shaidar farko mita 20 ta ba ka, tsaya a kanta. A tafkin Wastwater, mafi zurfi a Ingila da mita 79, wasu sun taɓa jera 'yan mutum-mutumin lambu masu jar hula can ƙasa don nishaɗi. Mutane suka riƙa zurfafawa don ganinsu, aka rasa rayuka, har 'yan sanda suka kwashe su.

In za a hau, a hankali, a kuma dakata minti 3 a mita 6 don jiki ya sauke iskar da ya jiƙa. A rumfar abinci ka tambaya kafin ka karɓa, domin burodin da kowa ke yabo na naman alade ne. Ka ce a sa maka ƙwai.

Bayan watanni a rami sai teku. Can direban kwalekwale ne sarki, shi ma teku ce sarkinsa. Galibi ba a sauka kan jirgin da ya nutse sai a ɗan lokacin da ruwa ya lafa tsakanin cikowa da janyewa. In an ce ƙarfe 6 da minti 40, to ba ƙarfe 7 ba ne. Ka sha maganin jiri tun a gida, in kuma amai ya zo, duba inda iska ke kaɗawa ka ba ta baya. A Whitsand Bay kusa da Plymouth akwai James Eagan Layne, jirgin dakon kaya na Amurka da jirgin ƙarƙashin ruwan Jamus ya harba a Maris 1945. Za ka bi igiya kana sauka, hannu bayan hannu, ba ka ganin komai sai ƙafafun abokinka. Kwatsam sai ga haƙarƙarin ƙarfe a tsaye, tsirran teku farare da ruwan goro sun lulluɓe shi, kifaye na ratsawa ta tsakani. Haska tocila cikin wani bututu, za ka haɗa ido da kifi mai siffar maciji, kaurin cinyar mutum, yana buɗe baki yana rufewa. Gaishe shi daga nesa. Kusa da nan akwai Scylla, jirgin yaƙin da aka nutsar da gangan a 2004. Ƙofofinsa a buɗe suke, suna kira, amma an rasa rayuka a cikinsa. Wanda bai koyi shiga cikin jirgi ba, ya yi kallonsa daga waje.

Kada ka ɗebo tsaraba. Duk abin da aka ciro daga jirgi, doka ta ce a sanar da hukuma cikin kwana 28.

Kowace ƙungiya tana da mafarki ɗaya, Scapa Flow a tsibiran Orkney, can ƙuryar arewa. Ranar 21 ga Yuni 1919, Admiral Ludwig von Reuter na Jamus ya umarci sojojinsa su nutsar da jiragen yaƙin Jamus da ke tsare a can don kada a raba su ganima. Cikin 74, guda 52 suka nutse. An ciro yawancinsu, saura manya bakwai, uku daga ciki, König da Markgraf da Kronprinz Wilhelm, suna kife a zurfin da ya kai mita 45. Wannan sai ka ƙara karatu. A ruwan nan kuma akwai Royal Oak, wanda ya nutse a Oktoba 1939 da fiye da mutum 800. Kabari ne, an hana sauka kansa, kuma daidai ne.

In an dawo, ba da kuɗin mai ba sai an tambaye ka ba, ka kama a wanke kwalekwale. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 24, ko bikin wa ake yi a gida. Ɗauraye kayanka da ruwan famfo, ka rataye rigar a banɗaki ƙafafu a sama. Amma ka sanar da uwargida tun da rana, kada ta tura ƙofa da tsakar dare ta tarar da baƙin ƙato a rataye yana ɗigar ruwa.