Amarya Mai Ido Ɗaya

Shekara uku ke nan cif tun da maƙwabcina, dattijo kamili mai sana'ar sayar da takin zamani, wanda ba a taɓa jin sa da wata shagala ba, ya shigo da amarya gidansa ba tare da an shafa fatiha ko an raba goro ba, kuma har wa yau uwargida ba ta karɓi ko ɗankwali na kayan faɗar kishiya ba. Baƙa ce, gajera, mai ido ɗaya, haifaffiyar ƙasar Japan, sadakinta kuwa, bisa ga ruwayar waɗanda suka halarci cinikin, ya isa a sayi bijimai biyu har a yi wa makiyayi ihsani. Kyamara nake nufi, irin manyan nan da ake ratayawa a wuya.

Bawan Allah ya zaci da biyan sadaki an gama, ashe gangar jiki kurum aka miƙa masa, domin gilashin da ake ɗaura mata a baki, wanda ma'abota wannan fanni ke kira ido, cinikinsa dabam. Ya fara da mai milimita 50, ya ji daɗi kwana bakwai, sa'an nan aka sanar da shi wani hisabi da ya saɓa wa duk abin da aka karantar da mu a elemantare, watau gwargwadon ƙanƙantar lambar da ke jikin ido, gwargwadon faɗin kafar da haske ke shiga, kuma gwargwadon girman kuɗin. Har mai 1.4 ya ninka mai 1.8 tsada, alhali ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin ɗaya ba. Daga nan sai dogon nan mai kai wa milimita 200, wanda in ya ɗaura shi yara kan biyo shi suna zaton kakaki zai busa, sai sanda mai ƙafa uku, sai fitilar walƙiya, sai jaka mai aljihu goma sha biyu. Na gwanjo ya fi saya, kuma ko wane ido da isnadinsa: dillali ya ji daga yaronsa, yaron ya ji daga wani ɗan Kwatano, shi kuma daga wani tsohon likita a Jamus wanda bai taɓa fitar da shi daga kwali ba face sau biyu. Na lura cewa duk idanun gwanjon garin nan daga hannun wannan likita suka fito, Allah ya ƙara masa lafiya.

Bayan la'asar sukan taru a ƙofar gidansa, su biyar ko shida, ko wanne da tasa a wuya, a buɗe muƙabala. Mazhabobi biyu ne manya, mabiya Canon da mabiya Nikon, waɗanda ba su taɓa yin ijma'i a kan kome ba sai a kan cewa mutanen Sony 'yan bidi'a ne, tun da su suka yaɗa kyamarar da ba madubi a cikinta. Ko da yake daga baya shehunan mazhabobin biyu duk sun bi sahu, almajirai suka yi shiru kamar ba su suka yi fatawa ba. Na zauna a wannan majalisa fiye da sau talatin ina shan shayinsu, na ji hujja da raddi da raddin raddi, amma ban taɓa ganin an nuna hoto ba.

Wata rana da na yi ƙarfin hali na tambaya, sai maƙwabcin nawa ya gyara zama ya ce, “Malam, ai ilmin nan gadonmu ne,” ya kawo mini tarihin Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra, wanda ya wallafa Kitabul Manazir a Misira kimanin shekara dubu da suka shige, ya bayyana yadda haske ke kutsawa ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu ya zana surar abin da ke waje a kife. Na ce, “Haka ne, Alhaji, amma shehin nan rami ɗaya ya ishe shi.” Na ƙara masa da labarin Seydou Keïta na Bamako, wanda kawunsa ya ba shi ƙaramar Kodak a 1935, ya buɗe shagonsa a 1948, ya rataya zanen gadonsa a bayan masu zuwa ɗaukar hoto, yana ɗaukar yawancinsu sau ɗaya tak don tsimin fim, ga shi yau hotunansa na rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Alhaji ya yi tsaki ya ce da mutumin ya sami ido mai 1.4, da abin ya fi haka.

Babin tsarki kuwa, a nan ne ya zarce malamansa. Farilla ne a hura ƙura da ɗan zuga-zugin roba kafin a shafa ƙyalle, don kada yashi ya karce gilashi. Makaruhi ne a hura da baki. Haramun ne a goge da bakin riga, kuma autansa da ya taɓa dangwala yatsa mai maiƙon ƙosai ya san hukuncin. Akwatin ƙarfe ya tanada, ya cika shi da 'yan ƙullin ƙwayoyin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Da hunturu ba ta fita, saboda hazo. Da bazara ba ta fita, saboda zafi na cin batir. Da damina ba a ko buɗe akwatin sai da rana tsaka, don tsoron fumfuna, wadda in ta yi saƙa cikin gilashi ba ta jin magani. Ranar Hawan Daushe, da muka tafi Ƙofar Kudu, dawakin farko na sakin sukuwa ƙura ta turnuƙe, sai na ga Alhaji ya cusa amarya cikin babbar riga ya rungume ta ya juya wa fili baya, har aka gama jafi; hotunan da iyalinsa suka gani na hawan, da wayar direbansa aka ɗauka.

Saura kaka, lokacin da ba hazo ba laima, kuma a nan ne kamfani ya fitar da sabon samfuri, Alhaji ya ga amarya ta tsufa, ya yanke shawarar sawwaƙe mata. Aka duba lissafin da take riƙewa a cikinta na yawan ƙyaftawar da ta yi, aka tarar bai wuce ɗari uku ba, galibinsu hoton katangar bulo ta maƙwabta ne da shafin jarida da ya manna a ƙofa don gwada kaifin ido.

Ni na aure ta, da rabin sadaki, bayan ya rantse mini cewa ko likitan Jamus bai kai shi riƙon amana ba. Iyalina sun yi kwalliya tun shekaranjiya suna jira, na ce su dakata, don na ga alamar hazo ta gabas, kuma akwatin da na ba maƙeri bai gama ba.