A Bar Kare Cikin Gashinsa

Daga Tokpa-Hoho zuwa babban masallacin Zangon Kwatano ba a koya wa kowa mene ne aska. Wanzami da zabirarsa tsohon ɗan unguwa ne: shi ke askin suna ranar bakwai, shi ke ƙaho, shi ke gyaran fuska kafin a tafi Juma'a. Daga baya samari suka buɗe shaguna da injin aski na lantarki, suka liƙa hotunan 'yan ƙwallo a bango don kowa ya zaɓi irin kan da yake so. Duk wannan gwaninta a kan ɗan Adam aka tara ta, shi da yake zama shiru, ya sunkuya in an ce ya sunkuya, ya biya har ya yi godiya ko da an ɓata masa ƙeya. Sai ga sabon kwastoma ya shigo gari, wanda bai nemi askin ba, ba ya biya, kuma yana da haƙora 42. Karnukan Turai masu gashi buzu-buzu, waɗanda a da sai dai a ji haushinsu a bayan katangun unguwar Haie Vive, yanzu sun shiga gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma da yawa daga masu su sun ce da hannunsu za su yi musu aski. Ra'ayina a kan wannan sabuwar sana'a shi ne, a mafi yawan lokuta mai riƙe da injin shi ne mai ciwon, karen kuwa shi ke shan maganin.

Na san dattijon kan benci ya riga ya ɗaga carbi. Shi ne na farko a jerin mutanen da zan zano a nan, kuma bai taɓa taɓa kare ba, amma ya fi kowa magana a kansa. Zai ce me ya haɗa Musulmi da kare, balle askinsa. Baba yana da hujja, sai dai rabinta ya ɗauko. Risalar Ibn Abi Zaid ta Ƙairawan, wadda ake karantawa a zaurukan Zango kamar yadda ake yi a Kano da Maraɗi, ta hana ajiye kare a gida sai na noma, na kiwo ko na farauta. Amma a wannan mazhabar tamu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma masu sharhin Risalar sun kawo cewa shi kansa mawallafin, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye karen tsaro da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa matsayin Imam Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Wannan muhawara ta malamai ce. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, dabbar da ka tsare a gidanka haƙƙinta yana wuyanka. Karen yana nan, da yardar Baba ko babu, kuma wani yana nufarsa da almakashi.

Wanda ya fi kowa nufarsa da zuciya ɗaya shi ne mai tausayi. Wannan bawan Allah yana dawowa daga kasuwar Dantokpa a watan Maris, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, ya tarar da karensa kwance ya zaro harshe yana haki, sai ya ce kaico, ni da nake cikin shadda mara nauyi ina wahala, ina ga wannan da ke cikin bargo. Nan take ya yi masa ƙwal-kwabo. Kuskurensa shi ne ya auna kare da jikinsa. Mutum da zufa yake huce zafi, don haka tuɓe riga yana taimakonsa. Kare kuwa zufarsa 'yar kaɗan ce, a tafin ƙafa take, hakin nan da ya ba mai gida tausayi shi ne fankarsa. Irin su karen Jamus da 'yan sanda ke amfani da shi da kuma haski, gashinsu hawa biyu ne: na ciki mai laushi kamar auduga, wanda ke zubewa da kansa, da na waje mai kauri da ke tare rana da ƙuda da sauro. In aka aske su duka, an kware rufin ɗaki ke nan don a sha iska, a garin da rana ke dukan ƙoƙon kai. Fatar da ba ta taɓa ganin rana ba sai ta ƙone, sau da yawa kuma gashin ya dawo tsilli-tsilli, wani wurin ya yi watanni bai tsiro ba. Mai tausayi zai ce to ai zafin gaskiya ne, kuma bai yi ƙarya ba. Kwatano gari ne na teku da tafki, iskarsa cike da laima, haki kuma ba ya aiki sosai a irin wannan iska. Sai dai maganin yana wurin mataji mai fitar da mataccen gashin ciki, da inuwa, da ruwan sha, da yawo da asuba kafin siminti ya ɗau zafi. Tausayin da ya fi wannan duka kuwa a ranar saye ake yinsa. Buzaye sun yi ƙarnuka suna kiwon karen Azawak, siriri mai ɗan gashi kwance luf, wanda bai taɓa buƙatar wanzami ba. Wanda ya tsallake irin wannan da karen gida, ya ɗauko dabbar da kakanninta ke jan kaya a ƙanƙarar Saberiya ya ajiye ta kusa da unguwar Jonquet, ya makara da tausayi.

Na biye da shi ya fi ban dariya don yana da buri. Shi ne ɗalibin waya, wanda ya kalli wata Baturiya a YouTube tana mayar da farin kare zaki cikin minti takwas, bai lura cewa an yanke bidiyon ba, kuma karen nata tun yana ɗan kwikwiyo ake ɗora shi a tebur. Askin zakin nan ma yana da asali. Karen da Faransawa ke kira kanish, Jamusawa su ce fudel, ɗauko agwagwa daga ruwa ne aikinsa na farko. Ana cewa mafarauta sun riƙa aske masa baya don ya ji sauƙin iyo, su bar gashi a ƙirji da gaɓoɓi saboda sanyin ruwa. Ɗalibin waya ba shi da agwagwa, ba shi da sanyi, hoto kawai yake so ya saka a WhatsApp. Zai fara da dama, ya ja baya ya duba, ya ga hagu ta fi tsawo. Ya rage hagu, dama ta fi. Haka za a yi ta gyaran gangar Auzinawa har zakin ya koma ɗan akuyar da aka babbake rabi. Kafin nan bakin injin ya yi zafi, domin ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, kuma ba a gaya masa ya riƙa taɓa shi a bayan hannunsa ba. Da karen ya zabura sai a ce ba ya jin magana. A nan dole in yi adalci: kanish da irinsa suna buƙatar aski da gaske, don gashinsu ba ya zuba kamar na sauran, tsawo yake yi yana cukurkuɗewa, kuma duk bayan wata ɗaya ko biyu sai an rage shi. Saisaye madaidaici, tsawo ɗaya ko'ina, shi ne abin da karen ke buƙata kuma hannun koyo zai iya. Tukku da zanko da ƙwallon gashi a wutsiya bukatar mai gida ce.

Mai tsimi kuma lissafi ya kawo shi. Ya ji abin da masu gyaran karnuka ke karɓa, ya ce ai ko kansa ba ya aske wa da wannan kuɗin. Sai ya aiki yaro shagon aski a aro masa inji, a ce na ƙanensa ne. Kamfanin Wahl, wanda Leo Wahl ya kafa a Amurka a 1919 kuma sunansa ke jikin injinan shagunanmu da yawa, yana ƙera na mutane daban, na dabbobi daban, kuma ba don neman ciniki kawai ba: gashin kare ya fi namu cunkushewa, injin mutum yana cije shi ya tsaya, ya ja fata. Da injin ya gaza sai a koma almakashin tela. Nan ne ake garin neman gira a rasa ido, domin dunƙulen gashi yana ɗago fata tare da shi, fatar kare kuma ta fi tamu sirantaka, musamman bayan kunne da hammata. Abin da aka ƙi biyan mai gyara sai a ninka shi wurin likitan dabbobi mai ɗinki. Wanka kuma da omon wanki, wanda ke kwashe man fata ya bar kare yana susa kwana da kwanaki. Da yamma yaro ya mayar da injin, an hure shi da baki, an gode. Makero yana tsallakawa daga kare zuwa mutum, kuma gobe Juma'a ce, layi zai yi tsawo a shagon.

Akwai wadda ba ta taɓa riƙe inji ba amma ita ce kwamandan aikin. Madam tana saman bene da waya a hannu, karen kuma sunansa ya fi na mai gadi daɗin faɗa a bakinta. Mai gadin nan, sau da yawa ɗan'uwanmu ne da ya gangaro daga Dosso ko Tawa neman na kai wa gida, an ɗauke shi tsaron ƙofa, sai ga shi da tawul a kafaɗa. Ita ta ce, “Gardi, a hankali, yana jin tsoro.” Shi ya ce, “To, Madam,” alhali tsoron a wurinsa yake. A cikin duk mutanen nan shi ne ba ni da abin zargi a kansa, kuma shi ne hannunsa ya fi kusa da haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa kowace shekara da ciwon haukan kare, galibi a Afirka da Asiya, don haka kafin Madam ta sayi ƙyallen wuya ja, takardar allurar rigakafi ya kamata ta nuna wa Gardi. In an gama sai ta sauko da kwalbar turare ta feshe dabbar da hancinta ya ninka namu jin wari sau dubbai. Karen ya yi atishawa, ya tafi ya nemi mafi ƙazantar kusurwa a gidan ya yi birgima, don ya dawo da warinsa da aka sace. Yankan farce ma a kan Gardi yake faɗawa, ba wanda ya gaya masa cewa akwai jijiya mai jini a cikin farcen, wadda ba a ganinta in farcen baƙi ne.

Bokan unguwa ba ya buƙatar dogon bayani. Kaska, ƙuma, ƙazuwa, duk maganinsu ɗaya ne a wurinsa: a aske, a shafa baƙin man inji daga garejin 'yan zemijan masu haya da babur, in ya ƙi a ƙara kananzir ko maganin ƙwarin gona. Kare yana lasar jikinsa, abin da ka shafa masa ka ba shi ya sha ke nan. In ya mutu, boka ya ce dama ciwon ya ci ƙarfinsa.

Mai hankali zai iya cewa, a unguwar da mutane ke fafutukar abin kai wa baki, ɓata tawada a kan gashin kare wauta ce. Amsata ita ce, shawarar da nake bayarwa ta fi duk waɗancan arha. Mai tausayi ya sayi inji, ɗalibin waya ya ƙona data, mai tsimi ya biya kuɗin ɗinki, Madam ta zubar da turare. Mataji mai haƙoran ƙarfe kuwa kuɗinsa bai kai na buhun abincin karen ba, kuma aikinsa ya wuce ado. Hannun da ke taje kare sau biyu ko uku a mako shi ke fara gano kaska a kunne da tsakanin yatsu, shi ke jin ƙurjin tsutsar ƙudan nan da ke saka ƙwai a yashi da kan shanya, tun kafin ta girma a cikin fata. Wannan ne ma ya sa ban yaba wa na ƙarshe a jerin ba, wato malalacin da zai karanta kan wannan rubutu ya ce madalla, dama shi bai taɓa taɓa nasa ba. Karensa na ɗaure a bayan gida tun damina, gashi ya daddage ya zama tabarma, ƙarƙashinsa danshi da ƙwari. Irin wannan kam sai an aske shi tas, kuma aikin gwani ne. Shi da mai tausayi sun yi hannun riga a aiki, amma cikinsu ba wanda ya tsaya ya dubi karen.

Ga masu shagunan aski na Zango kuwa roƙona ɗaya ne. In yaro ya zo aron inji ya ce na ƙanensa ne, ku ce ya kawo ƙanen.