Yadda Na Kwashe Komatsaina Daga Wata Manhaja

Manhajar da nake ajiye rubuce-rubucena a waya ta daɗe da yin ritaya, sai dai ba ta sanar da kowa ba. Duk sabuntawar da aka turo, sai ta lashe min data, ta sauya launin tambarinta, ta dawo da nawarta ta jiya. Kafin ta nemo maka kalma ɗaya, ka ɗora shayi ka sauke. Kuɗinta kaɗai ke ci gaba, shi ma da dala. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, na buga lissafin kuɗin shekara, sai na ga ashe da tukunyar gidana take takara.

Duk da haka na daure, har ranar taron dangi kan bikin ƙanwata, inda ni ne mai riƙe lissafin gudummawa. Kawu ya ce, "Karanto mana, wa ya kawo, wa ya rage?" Na buɗe manhaja, wata 'yar da'ira ta hau juyi, dattawa suna kallona. Da ta ga dama, ta fito da jeri biyu, na waya da na kwamfuta, wai in zaɓa. A ɗaya Gwaggo ta ba da dubu ashirin, a ɗayan ko sunanta babu. Ƙaddara ta ɗora yatsana a kan na biyun.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ɗan nan, kuɗin nawa wayar ce ta ci, ko kai?"

A daren na ɗaura aniyar ƙaura, masu ba da shawara kuwa suka yi min caa. Abokin aikina ya rantse da Notion da jadawalinta. Matata ta ce Google Keep ta ishi mai hankali. Wani ya ce OneNote tun 2003 take nan, ba ta gudu ba. Ƙanena ɗan jami'a ya ce, "Yaya, kafin ka shiga kowacce, tambayi ta ina ake fita."

Gaskiyarsa, domin a fitar na sha wuya. Tsohuwar manhajar ta riƙa sako min kayana da ɗai-ɗai, kamar mai gidan haya da ya ji za ka tashi. Hotunan rasit suka fito ba suna, jadawalai suka wargaje. Cikin dukiyar da nake ta fafutukar cetowa na tarar da jerin cefanen azumin shekarun baya, da lambobin waya marasa masu su, da shirin fara kiwon zomo da na rubuta a kowace sabuwar shekara.

A ƙarshe na sauka a Obsidian. Ita rubutunka a na'urarka take ajiye shi, a tsarin Markdown da John Gruber ya fitar a 2004, zallan rubutu da ko manhajar ta mutu gobe, wata za ta buɗe shi, ba sai da intanet ba.

Sai ƙanena ya nuna min wani sashe da ke zana taswirar yadda rubuce-rubucen mutum suke haɗe da juna. "Yaya, ga hoton tunaninka." Na duba: ɗige-ɗige ne birjik, kowanne ya kama gabansa, babu zare ko ɗaya a tsakaninsu.

Na ce ya rufe maza kafin matata ta samu hujja.