Jikan Wanzami Mai Tsoron Aska

Hannuna na hagu ba shi da gashi ko ɗaya, daga wuyan hannu har gwiwa, sumul kamar na jariri. In an tambaya sai in ce gado ne. Ban yi ƙarya ba: a nan nake gwada kaifin askar kakana.

Wanzami ne daga Kano. Ya bi ayarin mutanenmu da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya ratsa Barno da Darfur da ƙafa, aski da ƙaho suna ciyar da shi. Makka ya nufa, Omdurman ta riƙe shi. Zabirarsa ta faɗo hannuna da aska biyu, da dutsen wasawa, da wata fata da ta bushe ƙamas kamar ƙilishin bara.

Na sayo sabuwar fata a kasuwar Omdurman wajen masu ɗinka takalmin markub, jimar bagaruwa, wadda a can ake ce wa garad. Wani tsohon wanzami ɗan uwanmu, mai zama a gindin darbejiya, shi ya koya mini.

"Ɗana, dutse cin ƙarfe yake yi, fata kuwa lallashi," in ji shi. Bakin aska ya fi gashi siranta, kowane aski yana ɗan lanƙwasa shi, fata ce ke miƙar da shi. Ka ɗaure ta, ka ja ta yi tsam. Ka kwantar da askar, gadon bayanta a gaba, kaifin yana biye. In ka kai ƙarshe, ka mirgina ta a kan bayan nata, kada a kan baki. Kada ka danna, nauyinta ya isa.

"Baba, ai da sauƙi," na ce. Sai da na yayyanka fata uku saboda son burga.

Daga nan abin ya zama ciwo. Ja talatin a kan tamfol, sittin a kan fata, kowace asuba. Na samo koren maganin nan na goge ƙarfe na shafa wa wata fatar daban. Na gwada takardar jarida, na gwada tafin hannu yadda tsofaffi ke yi. Na taɓa shayar da fata mai har ta koma kamar tsire, askar na maƙalewa. In guguwar habub ta taso, iyali na rufe tagogi, ni ina naɗe fata a tsumma, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi wa baki giɓi. Har askar Dovo na sa aka kawo mini daga Solingen ta Jamus, kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba.

Ga inda gizo ke saƙar: ban taɓa aske gemuna da ko ɗaya ba. Nakan shafa kumfa, in tsaya gaban madubi, in kai aska maƙogwaro, sai ragon layya ya faɗo mini a rai. Hannu ya hau rawa. Sai in laluba aljihu in ciro rezar Bic. An ce wanzami ba ya son jarfa. Jikansa ko askin ma ba ya so.

"Malam, wannan askar taka Babbar Sallah take jira?" in ji uwargida.

Da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, muka tattara abin da hannu zai ɗauka muka nufi Mai Wurno, a bakin kogin Nilu Shuɗi, wajen dangi. Na rungumo zabira, aska uku da fata biyu. Bic ɗin na manta a kan taga.

Wata biyu ina wasa aska kowace asuba, gemu yana ta tofo. Yaran unguwa suka fara kirana Ustazu, ni kuma na amsa.