Kokowar Baki a Tchibarakaten

Idan rana ta faɗi a Tchibarakaten, injunan fasa dutse suka yi shiru, mutane suka fito daga ramuka fari fat kamar an birkima su cikin gari, abin da ya rage wa ɗan Adam biyu ne: shayi da baki. Wurin nan ba garin gado ba ne. Kafin 2014, shekarar da labarin zinariya ya ɓulla a Djado sannan ya biyo ta nan, ba kowa sai duwatsu da iska da iyakar Aljeriya a gefe. Ruwan sha ma a mota ake kawo shi, a saye shi da kuɗi. Duk magidancin da ka gani a nan, ba a nan aka binne cibiyarsa ba. Kowa baƙo ne, kuma kowane baƙo ya zo da abu uku: bargonsa, bashinsa, da ɗan kokowar garinsu.

A lokacin gasar takobi, in sanyi ya shigo, ba a samun wurin zama a gaban talabijin ɗin mai shayi. 'Yan kokowa 80, goma goma daga jihohi takwas, kwana goma ana gwabzawa. Sauran watannin shekara kuwa sai a koma kan mazan jiya, kuma a nan ne ake gane halin mutane. Na daɗe ina zama a wannan rumfa, na ƙare musu kallo.

Wanda ya fi kowa saurin buɗe taro shi ne Malam Ina-Wurin. Ba a taɓa yin kaye a ƙasar Nijar ba shi ba ya nan. Aka ce gasar farko a Tawa aka yi ta a 1975, zamanin Seyni Kunce, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, sai ya ajiye kofi ya ce, "Ni za a gaya wa? Ina wurin! Yashin da ya tashi har cikin idona ya shiga." Aka ambaci Salma Ɗan Rani na Doso, yana wurin. Kadade na Tawa, shi ya riƙe masa takalmi. Langa-Langa na Damagaram, mota ɗaya suka shiga. Wata rana katin shaidarsa ya faɗo daga aljihu, wani yaro marar kunya ya ɗauka ya karanta da ƙarfi: an haife shi a 1981. Kowa ya yi tsit. Malam Ina-Wurin bai ko girgiza ba. Ya karɓi katinsa, ya kaɗe ƙura, ya ce, "Yaro, ai wannan shekarun makaranta ne. Na gaskiya suna wurin tsohuwata."

Kusa da shi kullum za ka tarar da Ɗan-Jiha, wanda ɗan kokowarsu bai taɓa faɗuwa ba tunda aka halicci duniya. Zamewa ya yi. Ko yashin ne aka jiƙa da yawa. Ko rana ce ta haske masa ido. Ko alƙalin wasa surukin wancan ne. In ka nuna masa hoton a waya, ga mutumin nan kwance rigingine ƙafafu a sama, sai ya karkata kai ya ce, "Duba da kyau, wancan ne ya fara taɓa ƙasa da gwiwa, mai ɗaukar hoton ne ya tsaya a baibai." Irin wannan mutum iri-iri ne. Na Maraɗi yana magana kamar takobin gadon gidansu ne da aka ba sauran jihohi aro, ya fara da Kantu ya ƙare da Bindigau. Na Damagaram ba ya numfashi tsakanin Langa-Langa da Balla Haruna. Na Doso ya fi kowa kwanciyar hankali a 'yan shekarun nan, don yana da tsoho yana da yaro: in aka yi maganar jiya ya ce Salma, in aka zo yau ya ce Isaka Isaka, ya miƙe ƙafa. 'Yan Agadas kuwa, da yake su ne masu masauki, suna bari a gama hayaniya, sannan wani ya gyara rawani ya ce a hankali, "Laminu Mai Daba dai ya kawo mana takobi har gida." Kuma in Buzu da Bazabarme suka haɗu a kan wannan magana, kada ka tashi rabo. Wasa ne tsakaninsu, kai za ka kwana da ciwon kai.

Akwai kuma Masanin Asiri. Shi a wurinsa ba a taɓa kayar da mutum da ƙarfi ko da dabara ba. Horon da ɗan kokowa ya yi, da gudun asuba, da buhunan da ya ɗauka, duk bai gani ba. Abin da ya gani shi ne wane ya shigo fili da ƙafar hagu, wane ya tona rami ya binne wani abu, wane ya watsa ruwa gabas da yamma, guru nawa ne a ƙugun wane, kambu nawa a damtsen wane. Yana magana ƙasa-ƙasa, yana waige, kamar bokan yana bayan rumfa. Tambayar da ba ya so ita ce: to shi wanda aka kayar, ba shi ma da layu har wuya ya shigo ba? Sai ya ce, "Ai an karya masa tun a masauki." Na lura shi kansa yana da laya ɗaure a igiyar da yake sauka rami da ita, kuma wata na huɗu ke nan raminsu bai ba da ko ƙwayar gero ta zinariya ba. Da aka tuna masa, ya ce an karya masa tun a Arlit.

Amma duk waɗannan masu sauƙi ne, don bakinsu kawai ke aiki. Wanda ake gudu shi ne Mai-Nuni. Wannan bawan Allah ba ya iya ba da labarin kaye yana zaune. Da ya ce "sai Kadade ya yi haka," ka ga masu wayo sun fara ja da baya, suna janye kofunansu. Sabon zuwa ne kawai ke zama yana murmushi, bai san shi ne abokin karo ba. "Tashi, ƙanena, tashi in nuna maka, ba abin da zan yi maka." Kafin yaro ya ce uffan an cafke masa wuya, an sa masa kai a hammata, hammatar da ta yi kwana tara ba ta ga ruwa ba, don ruwan wanka a nan sai mai hali. "Ka ga nan? To sai ya sa ƙafa nan." Ya taɗe shi. Na ga daren da aka yi wannan nuni har aka bi ta kan murhu: buta ta kife, garwashi ya watse, shayin farko, mai ɗacin nan da kowa ke jira, ya bi yashi. Yaron ya tashi yana dafe ƙugu. Mai-Nuni ya tsaya a kansa yana haki, ya ce, "To ka ga wannan a hankali na yi. Shi da gaske ya yi." Mai shayi bai ce komai ba, ya buɗe littafin bashi ya rubuta masa kofi goma sha ɗaya.

Tsohon COMINAK daban yake da kowa. Ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa yana haƙar yuraniyom, yana zaune a Akokan, har aka rufe kamfanin a ƙarshen watan Maris na 2021, ya biyo sahun masu zinariya yana gyara musu injuna. Shi mutumin takarda ne. Yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango wanda ya rubuta gasa bayan gasa a ciki, tun zamanin da ake kewaye rediyo ana sauraron Muryar Sahel. Ba ya gardama. Yana bari ƙarya ta yi fure sosai, sai ya lalubo tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi. Shi ya sa ba a cika son zamansa ba. Hira tana tafiya daidai, an kusa sa Kantu ya ɗaga raƙumi, sai a ji tari daga lungu. Abin da ya rage masa kwarjini ɗaya ne: wasu shafuna sun jiƙe da man inji, kuma abin mamaki, duk shekarun da aka kayar da 'yan jiharsu ne suka jiƙe.

Dangin Zakara ba ya buƙatar dogon bayani. Duk wanda ya taɓa riƙe takobi kawunsa ne, ko kuma "uwarsa da kakata nono ɗaya suka sha." In ka lissafa danginsa sai ka ga sun haɗa Doso da Difa. Bashi yake nema.

Rigimar da ba ta ƙarewa kuwa tana tsakanin Baba Yaran-Yanzu da Ɗan-Waya. Baba ya yanke hukunci tun tuni cewa kokowa ta mutu. A da, in ji shi, ƙato zai gama girbi, ya sha fura ƙwarya guda, ya ɗaura walki, ya tafi garin da ake kiɗa da ƙafarsa, ba don mota ba, ba don miliyoyi ba, don dai makaɗi ya ambaci sunan ubansa. Sagalo na waƙa, 'yan cali-cali na kwaikwayon wanda ya faɗi, mutum ya yi kirari gashin jikinka ya tashi. Yanzu fa? Riƙe-riƙe, duba agogo, jiran alƙali ya ba da gargaɗi. Ɗan-Waya, wanda bai kai shekara ashirin da biyar ba, ya ce, "Baba, da girmanka, Isaka takobi shida gare shi. Na shidan a nan Agadas ya ɗauke shi, a watan Disamba na 2023. Wa ya taɓa yin haka a zamaninku?" Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Don bai tarar da maza ba ne." Yaro ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Baba ya ce zomon bana ɗin ne ya rame. An yi wannan musayar a gabana ya fi sau talatin, kalma ba ta canza ba. Ni dai ina ganin yaron ya fi hujja, amma Baba ya fi daɗin saurare, kuma a rumfar shayi daɗin saurare ake biya.

Sai baƙonmu na musamman, Ɗan-Resilin, yawanci daga wajen Kano ko Zariya, wanda ya tashi a gidan kallo zamanin kaset. Yana jira a ɗan yi shiru ya jefo tasa: "Duk wannan wasan yara ne. Kun san Hulk Hogan? A 1987 ya ɗaga André, mutumin Faransa, ƙato kamar rumbu, ya maka shi da ƙasa." Ya ba da labarin Undertaker, wanda ya yi nasara sau 21 a jere a babban taronsu na shekara kafin a karya shi a 2014. Da labarin mutuwar Hogan ya iso a watan Yulin 2025, sai da ya karɓi gaisuwa kamar ɗan'uwansa ne. 'Yan Nijar suna sauraronsa da haƙuri irin na masu masauki, har sai wani ya tambaya, "Malam, wai da gaske ne tun kafin a shiga an san wanda zai ci?" Nan fa ido ya yi ja. Ya rantse ya ga jini da idonsa. Tsohon COMINAK ya ce, shi abin da bai gane ba, ƙato ya faɗi, bayansa ya taɓa ƙasa sau goma, ya tashi a ci gaba? A Tawa da tuni an kai takobi gida an yi sallar isha'i. In rigima ta yi zafi, sai Ɗan-Resilin ya gudu ya fake a bayan Shago da Ɗan Anace, ya ce ai su dambe ne nasu. A nan kowa ke sassautawa, don ba mai ja da Shago.

Saura-Kaɗan shi ma yana nan, wanda da ba don ciwon gwiwa ba, ko aure, ko baƙin cikin wani kawu, da yau sunansa ne a ƙofar filin kokowar garinsu, kamar yadda aka sa na Kantu a Maraɗi, na Salma a Doso, na Langa-Langa a Damagaram. A nan zan rage murya, don ni ma na taɓa kayar da wani a ƙauyenmu bayan girbi. Ƙanena ne, kuma zazzaɓi yake yi, amma kaye kaye ne.

A can ƙarshen tabarma akwai wani dattijo mai jan igiya a bakin rami. Wuyansa da kansa kauri ɗaya, yatsunsa biyu a karkace, in zai zauna sai ya dafa ƙasa ya sauke gwiwa ɗaya tukuna. Ba ya sa baki. In Mai-Nuni ya tashi, shi kaɗai ne ba ya janye kofinsa, kuma ban taɓa ganin Mai-Nuni ya ce masa "tashi in nuna maka" ba. Wani dare Ɗan-Waya ya matsa masa: "Baba, kai fa an ce ka yi kokowa. Tsakanin na da da na yanzu, wa ya fi?" Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "Ɗana, ni abin da na sani, ƙasa ba ta canza ba. Yadda take da tauri a da, haka take yanzu." Ya miƙa kofi aka ƙara masa na uku.

In Allah ya kawo ka Tchibarakaten, ka zo da ruwanka da bargonka. In an tambaye ka garinku, ka bari sai ka shanye shayinka kafin ka faɗa. Kuma kada ka zauna kusa da murhu.